RA'AYIN JARIDA: A ƙirga wa yaran dambe naushi tun gwiwar hannu ba ta gaza ba

Damben gargajiya ya daɗe da wuce wasan kaka da mahauta ke zagaya ƙauyuka da shi bayan an kawar da amfanin gona. Tun daga 2017, lokacin da tashar Dambe Warriors ta fara ɗora fafatawar 'yan dambe a YouTube, wasan ya samu 'yan kallo a ƙasashen da ba su taɓa jin sautin kalangu ba, kamfanoni kuma suka shigo da gasanni masu kyautar kuɗi. Mazauna Abuja sun san yadda gidan damben Dei-Dei ke cika da yamma. A Legas ma haka abin yake a unguwannin Hausawa irin su Agege. Wannan bunƙasa abin farin ciki ce, sai dai ta zo da wani nauyi, kuma hannun yara matasa ne ke ɗauke da shi.

Agege tsohon mazaunin Hausawa ne. Fataucin goro da layin dogo ne suka kafa zangonsu a can, mayankar Oko-Oba kuma ta riƙe mahauta da masu dako da 'yan kamasho har gobe. Inda duk mahauta suka taru, da wuya a rasa dambe. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 da ya zo cin rani yakan wuni yana saran ƙashi ko ɗaukar cinyar sa, da la'asar ya tafi atisaye, a ƙarshen mako a ɗaura masa zare ya shiga cikin masu sharar fage kafin manya su fito. Hannun da ya yi saran safe shi ne dai hannun da zai kai naushin yamma. A dambe hannu ɗaya ake naɗewa a kai duka da shi, ɗayan kuwa na kariya ne da auna tazara. Ɗan damben zamani yana raba aikin tsakanin hannuwa biyu, amma na gargajiya ya tara shi duka a kafaɗa ɗaya, gwiwar hannu ɗaya da wuyan hannu ɗaya.

Ciwon da ake magana a kai ya bambanta da karaya ko gocewar ƙashi da kowa ke gani a fage. Shi a hankali yake taruwa, kamar yadda Hausawa ke cewa yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba. A bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo, kuma wanda ke gefen ciki na gwiwar hannu yana cikin na ƙarshen rufewa a wannan gaɓa, sai wajen shekara 15 zuwa 17 ga maza, mata kuwa kafin haka. Muddin bai rufe ba, wannan guringuntsi ya fi jijiyoyin da ke manne da shi rauni. Idan aka yi ta fizgar hannu da ƙarfi sau ɗaruruwa ba hutu, jijiya ce ke ta jan guringuntsin har ya kumbura, ya buɗe, wani lokaci ma ya ɓalle da ɗan guntun ƙashi. A wajen mai naushi akwai ƙarin wata illa: duk naushin da ya kuskure abokin karawa, hannu yakan miƙe fiye da kima, ƙasusuwan bayan gwiwa su daki juna. Idan hakan ya yawaita, sai guntayen ƙashi da guringuntsi su riƙa yawo cikin gaɓar, hannu ya ƙi miƙewa sosai.

Babu ƙasar da ta nazarci irin wannan ciwo kamar Amurka, domin a can miliyoyin yara ne ke buga besbol da sofbol, wasannin da mutum ɗaya ke ta jefa ƙwallo da iya ƙarfinsa ga mai riƙe da kulki. Tun 1960 likitocinsu suka raɗa wa ciwon suna da sunan gasar yara ta Little League. A 1974 Dokta Frank Jobe ya yi wa ɗan wasa Tommy John tiyatar maye gurbin jijiyar gwiwar hannu, aikin da har yau ake kira da sunan ɗan wasan, wanda jinyarsa ke cin shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. Tiyatar da aka ƙirƙiro domin manyan ƙwararru, sai ga shi ana yi wa 'yan sakandare. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda ya bi diddigin yara masu jifa 481 tsawon shekara 10, ya gano cewa waɗanda ke jifa a zagaye fiye da 100 a shekara sun ninka sauran sau uku da rabi wajen haɗarin mummunan rauni. Wani na 2006 ya nuna cewa mai jifa fiye da wata 8 a shekara haɗarinsa na kai wa ga tiyata ya ninka sau biyar, wanda kuwa ya saba ci gaba da jifa bayan hannu ya gaji, nasa ya ninka sau 36.

Maganin da suka samo ba ya buƙatar na'ura. Ƙirge ne kawai. Daga 2007 Little League ta ƙayyade cewa ɗan shekara 11 zuwa 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, ɗan 13 zuwa 16 kuma 95, daga baya kuma ta ƙara da cewa ɗan shekara 14 zuwa ƙasa da ya yi jifa 66 ko fiye, dole ya huta kwana huɗu. Japan, inda ake ɗaukar juriya a matsayin ado, ta daɗe tana jan ƙafa, har sai da wani ɗalibi mai suna Kosei Yoshida ya yi jifa 881 a gasar sakandare ta Koshien a 2018, jama'a suka yi ca, daga baya aka kafa iyakar jifa 500 a mako.

Darasin da ya fi dacewa da dambe yana wajen 'yan matan sofbol. Ita mai jifa a sofbol takan juya hannu ne zagaye guda cikakke, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai ƙugu. Shekara da shekaru masu horarwa suna cewa wannan salo ya dace da halittar hannu, don haka ba ya illa, kuma a kan wannan zato aka bar yarinya ɗaya ta jefa wa ƙungiyarta wasa biyu ko uku a wuni, ta haura jifa 1,000 a gasar kwana uku. Da aka auna, sai aka tarar nauyin da ke sauka a kafaɗarta bai gaza na namiji mai jifan besbol ba, ga ciwon ƙwanji, ga kumburin jijiyar da ke ratsa gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa. Zaton cewa jiki ya saba ne ya jinkirta kare su. Irin wannan zato shi ne ke yawo a gidajen dambe: wai ɗan mahauci da ƙarfi aka haife shi, wai hannun da aka yi wa tsaga aka shafa magani ba ya jin komai. Gaskiya ne naushi daban, jifa daban, amma guringuntsin ɗan shekara 14 a Agege iri ɗaya ne da na 'yar shekara 14 a Amurka.

A gidan dambe ana ƙirga turmi, ana ƙirga kisa, ana ƙirga kuɗin liƙi. Naushin atisaye da na fage, da adadin ranakun da yaro ya sa zare a jere, su ne lissafin da ya fi muhimmanci ga lafiyarsa, kuma su ne ba su da magatakarda. Yaron ba zai faɗa da bakinsa ba. A wasan da makaɗa irin su Ɗan Anace suka ɗaukaka jarumtar Shago, wane ƙaramin ɗan dambe ne zai ce wa ubangidansa gwiwar hannu na yi masa zogi? Zai nemi maganin kashe raɗaɗi a kemis, ko abin da ya fi haka muni. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne ke amfani da magunguna irin su tramadol ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwayar da ta kashe zogi ta kashe gargaɗin da jiki ke bayarwa ne kawai, ɓarnar kuwa tana nan tana ci.

Idan abin ya ci tura, wajen mai ɗori ake fara zuwa. Masu ɗori suna da gurbinsu a cikin al'umma, kuma sun fi asibiti kusa da talaka ta fuskar kuɗi da harshe. Amma wannan ciwo hutu yake so, yawanci mako huɗu zuwa shida ba tare da naushi ko ɗaukar nauyi ba, sannan motsa jiki a hankali ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo. Murza da ja da ɗauri mai tsanani na iya ƙara ɓalle abin da ya fara rabuwa, gwiwar hannu kuma gaɓa ce mai saurin sandarewa idan aka daɗe da ɗaure ta. Alamomin da ya kamata kowane ubangidan dambe ya sani ba su da yawa: zogi a gefen ciki na gwiwa da ya kwana bai tafi ba, hannun da ya kasa miƙewa kamar ɗan'uwansa, gaɓar da ke sarƙewa, da sagewa ko jin tsiyaya a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Duk yaron da ya nuna ɗaya daga ciki, hoton ƙashi yake buƙata. Daga Agege zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja ba nisa, Asibitin Ƙashi na Ƙasa kuma yana Igbobi. Abin da ke hana zuwa shi ne kuɗi, da tsoron rasa cinikin wuni, da rashin wanda zai yi wa yaro tafinta.

Akwai masu ganin cewa duk wannan kewaye ne, a haramta wa yara dambe kawai. Suna da hujja, domin bugun kai ya fi ciwon gwiwar hannu haɗari, kuma ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fito a 2011 sun yi adawa da damben yara baki ɗaya. Sai dai wannan jarida na ganin haramci a takarda zai kore wasan ne daga fili zuwa lungu, inda ba jami'in lafiya, ba alƙali. Abin da zai yi aiki shi ne ƙa'ida mai sauƙin ƙirgawa wadda mai gidan dambe zai iya bi, jami'i kuma zai iya dubawa.

A nan ne nauyin ya dawo Abuja. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe Ma'aikatar Wasanni ya miƙa ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Dambe, tare da kokawa da langa, yana ƙarƙashin Ƙungiyar Wasannin Gargajiya ta Ƙasa, ana kuma fafata shi a Bikin Wasanni na Ƙasa. Don haka gwamnatin da ke rataya wa ɗan dambe lambar zinare ba za ta ce ba ruwanta da yadda aka rene shi ba. Ya kamata hukumar ta zauna da likitocin ƙashi na Igbobi da Dala, da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere, da shugabannin ɓangarorin Arewa, Kudu da Guramaɗa, su fitar da ƙa'ida rubutacciya cikin Hausa: mafi ƙarancin shekarun sa zare, yawan wasan da ɗan ƙasa da shekara 18 zai yi a wata, kwanakin hutu tsakanin wasa da wasa, da wasu watanni a shekara da zai ajiye zare gaba ɗaya. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a mako da wata biyu zuwa uku a shekara daga wasa guda, ana iya farawa daga nan. Kowane yaro ya samu ɗan kati da za a riƙa rubuta ranar da ya yi wasa, domin 'yan dambe matafiya ne, wanda ya sa zare a Agege yau ana iya ganinsa a Dei-Dei ko Kano mako mai zuwa, kuma ba tare da kati ba hutun da aka ba shi a wani gari ba zai bi shi zuwa wani ba.

Kamfanonin da ke samun kuɗi daga bidiyon dambe su ma a ɗora musu sharaɗi: ba lasisi sai da jami'in lafiya a bakin fage da inshorar 'yan wasa. Jihar Legas tana da shirin inshorar lafiya na Ilera Eko, kuma masarautar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyin mahauta su ne hanya mafi kusa ta shigar da waɗannan yara. Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 28 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana sa yaro ɗaukar kayan da nauyinsu zai cutar da girman jikinsa, Legas kuma ta kafa tata dokar tun 2007. Wannan ya shafi dakon safe a mayanka kamar yadda ya kamata ya shafi zaren yamma.

Ƙa'idar kada ta tsaya ga dambe. 'Yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar kurket ta duniya a Malesiya a watan Janairun 2025, sofbol kuma zai dawo gasar Olamfik a 2028, wanda ke nufin ƙungiyoyin wasannin jifa za su ƙara shiga makarantu neman yara masu ƙarfin hannu. A Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda ake shirya wa 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, ana tantance shekarun 'yan wasa kafin a fara. Teburin da ke duba takardar haihuwa zai iya ɗaukar likitan fisiyo ɗaya da zai ce wa kowane yaro ya miƙe hannuwansa biyu, ya danna gefen gwiwar, ya tambaye shi sau nawa ya yi wasa a watan da ya wuce. Aikin minti biyu ne, kuma za a iya sa kuɗinsa a kasafin hukumar na baɗi.