TikTok, Facebook ko YouTube: A ina matasan Dutse za su ajiye alƙawuran 'yan siyasa?

A ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Dutse har aka cinna wa sakatariyar jam'iyyar APC wuta, hotunan bidiyon da aka ɗauka da waya sun riga sanarwar hukuma isa ga jama'a. Tun daga nan ya bayyana cewa bidiyo ya zama babbar hanyar da matasan Jigawa ke bibiyar siyasa. Sai dai dandalin da ake ɗora bidiyon shi ke yanke hukuncin wanda zai gan shi da kuma tsawon lokacin da zai rayu.

Ƙarfin TikTok yana cikin saurin yaɗawa. Manhajar ce ke zaɓar wa mai kallo abin da zai gani, saboda haka matashin da ba shi da mabiya a kasuwar Shuwarin na iya wayar gari dubban mutane sun kalle shi. Illarsa ita ce yanka jawabi: daƙiƙa talatin daga cikin maganar awa guda na iya juya ma'anarta. Kuma ba ya rasa haɗari, domin a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin bisa bidiyon da ta ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje.

Facebook kuwa dandalin shaidar gani da ido ne. Ta nan ake haska taron siyasa da wa'azi kai tsaye, masu kallo na tofa albarkacin bakinsu nan take. Amma tun Fabrairun 2025 kamfanin ya fara goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30. Alƙawarin da aka yi a gaban jama'a na iya ɓacewa tun kafin a aza harsashin aikin.

YouTube shi ne rumbu. Yana ɗaukar dogon bidiyo, ana iya lalubo shi bayan shekaru, kuma yana biyan masu tashar da suka cika sharuɗɗansa. Kannywood ta riga 'yan siyasa gane haka, inda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka tara masu kallo a can. Netflix da Northflix kuwa na masu biyan kuɗi ne, kuma nishaɗi suka sa gaba.

Abin da ke raba gardama shi ne kuɗin data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse mai lissafin kowace naira zai fi karkata ga guntun bidiyo, wato wanda ya fi sauƙin murɗawa.

Gwamna Umar Namadi ya zagaya ƙananan hukumomi da shirin Gwamnati da Jama'a, inda jami'ai ke bayyana ayyukansu a gaban talakawa. Amfanin irin wannan zama zai dore ne idan 'yan jarida da ƙungiyoyin matasa suka adana cikakken bidiyonsa a YouTube, da kwanan wata da sunan gari, sannan duk guntun da aka saki a TikTok ya nuna inda asalinsa yake. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma wanda ya ajiye cikakken faifai shi zai iya tsare ɗan takara da tambaya.