Albarka ba ta tsoron kaye da bik



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Kwana kaɗan za ku ga motoci sun ɗau hanyar Maradi cike da yara, kowa da allonsa da ƙoƙonsa, wasu sai Katsina, wasu sai Kano. Tambayata ɗaya ce: Malam, yara nawa ka tafi da su? Ɗiyan wa da wa? Ina aka rubuta?

Da ka yi wagga tambaya sai a ce kai ɗan lakwal ne, ka kawo tsarin Nasara, ita makarantar allo da albarka take tafiya. To tsaya. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi. In kuɗi sun cancanci rubutu, ɗan mutum fa? Sayyidina Umar ya kafa diwani, ana rubuta sunan kowa da rabonsa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta naɗa jaji a kan kowane rukunin ƴan taru. Wane Nasara ya koya musu?

Mun ga abin da sakaci ke jawowa. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewacin Najeriya sunka loda almajirai cikin motoci, kowa a maida shi jiharsa. Yaron da babu sunan ubansa a takarda, ina za a sauke shi? A watan Fabrairun 2025 gobara ta cinye almajirai 17 cikin dare a Ƙauran Namoda. Ƙaddara ce, ba mu musu ba. Amma duba makwancin yara kafin a kwanta, shi ma ibada ne.

Ku kuma ƴan boko masu cewa a ture malam a sa darakta, kun yi kuskure. Darakta ba ya tada yaro sallar asuba, ba ya zama da shi bakin wutar kara har ya haddace izu sittin. Malam shi ne uwa, shi ne uba. A bar masa karatu da tarbiyya, a taya shi lissafi.

Abin ba wuya. Kaye guda mai sunan yaro, garinsu da lambar wayar ubansa. Kwamitin iyaye kamar COGES na lakwal, mai riƙe asusu. Salanga, ruwa, da kuɗin kai mara lafiya likita. Magajin gari kuma ya san makarantu nawa ke cikin ƙasarsa.

Ku iyaye, babban laifin naku ne. Ka miƙa ɗanka ko tiya guda ta hatsi babu, ka ce ka ba Allah. Akuyarka kuwa ka san adadinsu har da na ciki!

Allah ya ƙara wa malamanmu daraja, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana.