Ledar rogo: A fara gwaji daga kantunan Nassarawa

Duk damina, ledoji ne ke toshe magudanan ruwan Kano, kuma unguwar Nassarawa GRA ba ta tsira ba. Shi ya sa ake ta maganar ledar da ake yi da sitacin rogo, wadda ke ruɓewa a ƙasa maimakon ta shekara da shekaru tana nan.

Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, don haka kayan haɗi ba matsala ba ne. Sai dai ledar sitaci tana shan danshi, tana saurin yagewa, kuma ta fi ta roba tsada. Ba za ta riƙe fiya wata ko kunu ba, amma za ta ɗauki burodi, tufafi da busassun kaya.

A nan ya kamata gwamnatin Kano ta fara: manyan kantunan Nassarawa, inda masu saye za su iya jure ƙarin kuɗin, tare da tallafa wa masana'antun Bompai da Sharaɗa. Wajibi ne kuma hukumar SON ta tantance, domin wasu ledojin da ake cewa suna ruɓewa farfashewa kawai suke yi, robar na nan cikin ƙasa.