Kyamara Ba Alƙali Ba Ce

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ta shafi kowane gida daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende, domin da wuya ka sami gidan Bahaushe a Ikko wanda tukunyarsa ba ta dogara da taya ba. In maigida ba direba ba ne, to ɗansa yaron mota ne. In ba haka ba, to tumatir ɗinsa ko albasarsa ko shanunsa suna bisa kwalta a daidai lokacin da yake karanta wannan takarda. Saboda haka duk abin da ya taɓa titi ya taɓa mu, kuma ba za mu jira sai wuta ta iso gemunmu sannan mu nemi ruwa ba.

A watan Fabrairu na 2025 kwamishinan sufuri na Jihar Legas, Oluwaseun Osiyemi, ya sanar da cewa an kafa kyamarori masu auna gudun mota a Alapere, inda aka ƙayyade gudun kilomita 80 a awa, da kuma titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, inda aka ƙayyade kilomita 60. An kafa wasu a mahaɗar Allen Avenue da titin Nurudeen Olowopopo don kama masu tsallake danja. Tarar da aka faɗa a lokacin ita ce naira 50,000 ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu, da naira 20,000 ga wanda ya tsallake danja. Babu jami'in da zai ɗaga maka hannu. Kyamara ce za ta ɗauki lambar motarka, kwamfuta ta binciko sunan da ke kan rajista, sai kawai saƙon tes ya shigo waya cewa ana binka bashi. Tun kafin wannan ma jami'an duba lafiyar motoci na jihar suna amfani da kyamarori masu karanta lamba don gano motocin da takardunsu suka mutu.

Mu faɗi gaskiya tun daga farko, kada a ce mun zo kare masu ganganci. Gudun wuce sa'a yana kashe mutane, kuma a cikin gawarwakin akwai namu. Sannan kyamara tana da wata fa'ida da mu baƙi muka fi kowa saninta: ba ta duba hula, ba ta sauraron karin harshe, ba ta miƙo hannu a ba ta na goro. Direban da ya taɓa kwana a bakin titi don kawai an ga sunan wata jihar Arewa a jikin lambar motarsa ya san darajar hakan. Ƙorafinmu a kan abu uku ne: wa ke da ikon kafa kyamarar, wa ke yanke hukunci bayan ta ɗauki hoto, kuma wa ake tura wa takardar bashi.

Na farko, titin na wane ne? Tsarin mulkin 1999 ya raba aiki tsakanin matakan gwamnati uku, bai bar abin a duhu ba. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, abu na 11 shi ne ginawa da gyaran titunan da aka ayyana a matsayin na tarayya, abu na 63 kuma shi ne zirga-zirgar ababen hawa a kan waɗannan tituna. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sanda su ne ma'aikatan tarayya a wannan fage. Titin Legas zuwa Ibadan na tarayya ne. Gadar Third Mainland ta tarayya ce. Haka titin Apapa zuwa Oshodi, haka titin Abeokuta da ke ratsa ƙofar gidajenmu a Agege. Jiha tana da cikakken iko a kan nata titunan, kuma Legas tana da dokarta ta sufuri ta 2018. Amma idan za ta ɗaura kyamara a kan titin tarayya ta ci mutane tara, haƙƙinmu ne mu tambaya a nuna mana dokar da ta ba ta wannan izini, a rubuce, da lambar sashe. Tambayar doka ba rashin kunya ba ce, ko da daga bakin baƙo ta fito.

Ita kuwa ƙaramar hukuma, nan ne ya kamata mu buɗe ido sosai. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa ayyukanta ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, sanya wa tituna suna, gyaran ƙananan tituna da magudanun ruwa, da ba da lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke. Wurin ma ya fayyace cewa kurar da ake nufi ita ce wadda ba ta da inji. Ka karanta jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda aka ba shugaban ƙaramar hukuma ikon auna gudun tirela a babban titi ba, balle ya ci ta tara. Ita kanta gwamnatin Legas ta sha fitowa tana gargaɗin cewa kama motoci ba aikin ma'aikatan ƙananan hukumomi ba ne.

Me ya sa muke wannan magana tun yanzu? Domin mun san halin mutanenmu na bakin titi. Tun a 1998 dokar soja mai lamba 21 ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Duk da haka ku tambayi duk direban da ya ɗauko kaya daga Kano ko Funtuwa ko Potiskum sau nawa aka tare shi da katako mai ƙusoshi kafin ya iso Mile 12, wannan ya ce kuɗin sitika, wancan ya ce kuɗin rediyo, na gaba ya ce kuɗin talla don an rubuta suna a jikin mota. Wannan tatsa tana cikin koke-koken da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta dakatar da kawo kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Wanda ya yi shekaru yana karɓar kuɗin haram da katako da ƙusa, ran da ya ga jiha tana tara kuɗi da kyamara, kuna tsammanin zai kau da kai? Jihar Legas kaɗai tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Idan aka bari kowace ta sayo tata kyamara ta rataya a iyakarta, mota ɗaya za ta iya cin tara a wurare da dama kafin ta fita daga gari, kuma mai motar yana gida bai sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, wa ya yi shari'ar? Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kotu, kuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Ya ce a gaya masa abin da ake zarginsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, in kuma ba ya jin harshen kotun a ba shi tafinta kyauta. Hoton kyamara shaida ce kawai, kamar yadda mutum zai tsaya ya ce na gani da idona. Shaida kuwa ana yi mata tambaya. Yaushe aka gwada na'urar aka tabbatar awonta daidai ne? Akwai allon da ya nuna iyakar gudu kafin a iso wurin? Lambar da ta karanta tawa ce, ko ta wani ɓarawo ce da ya buga irinta? Idan hukuma ɗaya ce ta kafa kyamara, ita ce ta yi tuhuma, ita ce ta yanke tara, ita ce kuma ta karɓi kuɗin, to an yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Kotuna sun taɓa faɗin haka. A 2011 Mai Shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke cewa hukumar LASTMA ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin mutum tara. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tarayya tare motoci da ƙwace su da cin tara. Gwamnatin Legas ta ce hukuncin na Abuja bai shafe ta ba tunda tana da tata dokar. To, mun ji. Amma sashe na 36 bai tsaya a iyakar Abuja ba, kuma babu dokar jiha da ta fi tsarin mulki ƙarfi. Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kowa haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukuncin da zai shafe shi a shari'a, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe. Ku tuna kuma cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne. Tarar naira 50,000 ta cinye fiye da kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi. Hukuncin da zai hana gida cefanen wata guda ya cancanci a saurari mai shi kafin a zartar.

Na uku, kuma a nan laifin namu ne ya fi yawa: wa ake tura wa saƙon? Kyamara ba ta san direba ba, sunan da ke kan takarda ta sani. Mu kuwa mun saba da cinikin amana. Mutum zai sayi mota a hannun wani, a tafa, a sa albarka, a yi shekara biyar ba a canza sunan mai ita ba. Wani kuma ɗan kamasho ya ba kuɗi ya yi masa rajista, shi ko ɗan kamashon ya rubuta lambar wayarsa. Sai tara ta riƙa taruwa a wata waya da mai motar bai taɓa gani ba, ba zai sani ba sai ran da ya je sabunta takardu ko aka tare shi a hanya. Wanda ya sayar kuma yana can ana binsa bashin laifin da wani ya yi da motar da ta bar hannunsa tuntuni. In ma saƙon ya zo daidai, da Turanci yake zuwa, dattijo ya duba ya ɗauka irin na 'yan damfara ne ya goge. Kada mu manta abin da muka gani da idonmu: a watan Satumba na 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 da kotu ta ƙwace saboda laifuffukan hanya, ana kallon masu su suna kuka. A watan Yuni na wannan shekarar aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, muka ga yadda aka riƙa niƙe babura. A nan garin, wanda ya yi wasa da takarda yakan wayi gari ba shi da jari.

Ga abin da muke nema daga hukuma. A buga jerin duk wuraren da aka kafa kyamara da dokar da ta ba da izinin kowace ɗaya. A kafa manyan alluna na iyakar gudu tun da nisa, domin in gyaran hali ake nufi babu dalilin yin kwanton ɓauna. A sa hoto da rana da lokaci a cikin kowane saƙo, a kuma bayyana kotun da mutum zai je in bai yarda ba, ba tare da an ce sai ya fara biya ba. A yi sanarwa da Hausa da Yarbanci da Ibo a rediyo da tashoshin mota. Sannan Majalisar Dokokin jiha ta faɗa ƙarara cewa babu ƙaramar hukuma ko ɗan kwangilarta da zai kafa kyamarar tara a babban titi.

Ga kuma abin da ya rage namu. Maigida, ɗauko takardun motarka yau ka duba sunan wa ke ciki da lambar wayar wa. In ka sayar da mota, ku je tare a canza suna, ka ajiye kwafin takardar ciniki. Uwargida, in saƙo ya shigo wayar gida ana maganar mota, a ba yaron da ya yi boko ya karanta kafin a goge. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum da sunan tara, kuma kada a biya ko sisi ba tare da rasit na gwamnati ba. Duk wanda aka tare da sunan ƙaramar hukuma ya rubuta wurin da ranar da abin da aka karɓa, ya kawo ofishin ƙungiya mu tara, domin lauya da takarda yake aiki. Ku kuma direbobinmu, ku rage gudu, ku daina shafa wa lamba laka ko lanƙwasa ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya tsallake danja da gangan ya ɓata mana baki a gaban hukuma.

Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yawo da zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Kakanninmu suna kasuwanci a Agege tun zamanin Turawa, muna biyan haraji, muna jefa ƙuri'a. Za mu bi doka, kuma za mu nemi ita ma hukuma ta bi ta. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.