A Buɗe Mana Binciken da Muka Biya Kuɗinsa

Jama'a, ɗalibai da malamai, iyayen yara masu cutar sikila, ku matso kusa.

Masoro, kanumfari da ganyen dawa suna cikin abubuwan da masana na cibiyar NIPRD ta Abuja suka haɗa maganin Niprisan da su, wanda ke rage wa masu sikila yawan tashin ciwo. An yi masa takardar mallakar fasaha, sannan a 2002 aka ɗauki lasisin sarrafa shi kacokan aka damƙa wa kamfani ɗaya tilo na Amurka, Xechem. Maganin ya shiga kasuwa a 2006. Kamfanin ya karye a 2008, magani ya ɓace, aka bar uwaye suna zaryar kemis da takarda a hannu.

Takardar mallaka ba haram ba ce. Yarjejeniya ce: ka bayyana wa duniya yadda ka yi abinka, a bar maka cin moriyarsa shekara 20. Ɓarnar tana zuwa ne idan malami ya kulle sakamako a durowa yana jiran ranar yin rajista, ko jami'a ta sa hannu da kamfani a asirce ba tare da sharaɗin farashi ko na ƙwace lasisi ba. Kuɗin TETFund da ake yin binciken da shi haraji ne, dukiyar al'umma.

Kada wani ya ce ɗalibi ba shi da ta cewa. A 2001 ɗaliban jami'ar Yale sun matsa wa makarantarsu lamba kan d4T, maganin cutar ƙanjamau da ita ke riƙe da takardarsa, har kamfanin Bristol-Myers Squibb mai sarrafa maganin ya zaftare farashi, ya kuma janye daga hana yin mai araha a Afirka ta Kudu.

To, mu ma mu tashi. Ƙungiyoyin ɗalibai da ASUU su kai maganar gaban majalisar jami'a. Kundayen digiri na biyu da na uku da ƙura ta lulluɓe a ɗakin karatu, a ɗora su a intanet kyauta. Duk lasisin da za a bai wa kamfani, a buga sharuɗɗansa kowa ya gani, a rubuta cewa in ya gaza samar da kaya an karɓe. Mai maganin gargajiya da ya ba da sani, a sa sunansa a takarda, a fitar masa da kasonsa. Ku rubuta wa shugaban jami'arku a wannan zangon, ku nemi amsa a rubuce.