Gyambon ciki: kada ka sha rabin magani

Ɗan'uwa mai karatu, in cikinka ya ɗau zafi, mi kake yi? Mu nan Matamai, sai mu jiƙa kanwa, ko mu sayi ƙwaya wajen mai talla. Yau ya lafa, gobe ya dawo.

To, ka sani: yawancin gyambon ciki, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Likitoci biyu na Ostareliya, Marshall da Warren, suka gano ta a 1982. Maganin kwana 10 zuwa 14 yana kashe ta. Amma in ka sha rabi ka bari, sai ta saba da shi, ta daina jin shi.

Gaba da gabanta! Akwai wasu halittu da suka fi ƙwayoyin cuta ƙanƙanta. Suna shiga cikinsu, su hayayyafa, su fasa su. An san irinsu a Faransa tun 1917. Masana suna son su yi maganin gyambon ciki da su, amma har yanzu gwaji ake.

Ni dai shawarata, kada ka jira su. Je ka likita, a duba ka, ka shanye maganinka duka.