Mai Kwalliyar Biki da Mai Lambu: Wa Zai Fara Zuwa Wajen Wani?

Wannan makon zan ɗan kauce daga zancen littafi, ko da yake za mu dawo kansa a hanya.

Wata yayata tana sana'ar ƙawata zauren biki, nakan raka ta in ɗauki kaya idan aiki ya yi mata yawa. Buhunanta cike suke da fulawar roba 'yar China, a wanke a shanya, a kai kamun wannan, gobe a kai dinar waccan. Kwanaki wata amarya ta kafe sai furen wardi na gaske, mai ƙamshi. Yaya ta buga waya Abuja, aka faɗa mata kuɗin da ya sa ta zauna a kan kujera. Dalili kuwa, furen daga waje ake kawo shi. Kenya na cikin manyan masu fitar da wardi a duniya, gonakinsu suna kewaye da tafkin Naivasha, kuma daga yanka har isowa cikin sanyi ake riƙe shi, a jirgin sama yake tafiya. Kowane mataki da dala ake biya, kun kuma san yadda naira ta kasance tun da aka sake ta a 2023.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga Jos nan. Tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin da ke ba su dankalin turawa shi ne yake ba su furanni, har da wardin. Mota ta taso da dare ta Saminaka da dajin Falgore, kafin rana ta yi zafi ta shigo Kano. Amma yayata, mai shekaru a sana'ar fure, ba ta taɓa tsayawa a lambu ta ga yadda ake yanka shi ba. Ba ita kaɗai ba ce.

Ra'ayina shi ne mai kwalliya ce ya kamata ta fara takawa, domin ita ce ke da jahilcin da ya fi tsada. Mai lambu ya san da sassafe ake yanka fure, kafin rana ta tsotse ruwan jikinsa. Ya san ana yankan wardi tun yana rabin buɗewa, don ya ƙarasa buɗewa a zauren biki. Ya san a yanke kara a karkace, a cire ganyen da zai nutse a ruwa don kada ya ruɓe ya kashe sauran, kuma kada a ajiye bokitin kusa da ayaba mai nuna, domin iskar da take fitarwa tana tsufar da fure. Duk wannan a zaman yini ɗaya za a koya. Wadda ba ta sani ba za ta sayi fure mai kyau, ta bar shi a bayan mota da azahar, ya yi yaushi, ta ce na gida ba shi da inganci.

Ita ma tana da abin da mai lambu bai sani ba, wato kalandar aure. Ta san bukukuwa suna cunkushewa kafin azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara. Mu kuma al'adarmu ana sa rana tun watanni kafin biki. Wardi yana ɗaukar mako shida zuwa takwas daga aski zuwa fure. Ke nan ranar da aka sa rana, in ta kira mai lambu ta ce ga adadi, ga launi, ga wata, zai iya aske bishiyoyinsa daidai da lokacin. Yanzu shi yana shuka a makance, ita tana saye a gigice ana gobe biki.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa ɗanyen fure, wutar da za a kunna na'urar sanyi ma ba tabbas. Roba kuma jari ce, sau ɗaya za ka saya. Ban ce a zubar da ita ba. A bar ta a bango da rufi inda ba mai taɓawa, a sa na gaske a hannun amarya da teburin da take zaune, inda hanci yake kaiwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce dole sai irin farin wardin da aka gani a Instagram, ko da lokacinsa ne ko ba lokacinsa ba.

Nan ne laifinmu marubuta ya shigo. Sau nawa muka rubuta saurayi ya miƙa "fulawa mai ƙamshi" ba suna ba kama? Mun koya wa mai karatu cewa fure abu ne na kanti. Alhali ga furen lalle, wanda ƙamshinsa yake cika tsakar gida da yamma. Ga bado a kan kududdufi da damina, ga minjirya da take yin ja wur da rani bayan ta zubar da ganye. Furen kuka fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa. Ba duka ne za su jure bokiti ba, wannan mai lambu ne zai faɗa mana.

Yayata dai ta yi wa amaryar nan da roba, aka fesa turare. Amma ta karɓi lambar wani mai lambu daga direban da ke kawo kabeji 'Yankaba, kuma akwai bikin da aka sa bayan babbar sallah. Na ce mata in za ta je Jos ta tafi da ni, zan riƙe bokiti.